Daga Takardar Masana Zuwa Ajin Sakandare: Misalin Irin Zogale Da Ruwan Gadarif

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jinƙai. Bayan haka, malaman makarantunmu kan tambaya yadda ɗalibin sakandare zai ɗauki binciken da masana suka wallafa ya mayar da shi aikin da zai iya, alhali ba ɗakin gwaji, ba kuɗi. Amsa ita ce kada ya ce zai maimaita binciken dukansa. Ya ciro tambaya ɗaya tak wadda zai iya aunawa da abin da ke hannunsa.

Ga misali daga ƙasar Sudan. A Umm Rakuba, cikin jihar Gadarif, an buɗe sansanin 'yan gudun hijira daga Tigray a Nuwamban 2020, kuma a 2021 ciwon hanta nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, ya ɓulla a can. Alhali tun shekarun 1980 wata masaniya Bajamushiya, Samia Al Azharia Jahn, ta yi rubuce-rubuce kan yadda matan ƙauyukan Sudan ke kwantar da lakar ruwan Nilu da irin zogale. Dalili kuwa, a cikin ƙwayar akwai sinadarin da ke kama ƙurar laka, ta dunƙule, ta nutse ƙasa.

Masana suna da na'urar auna duhun ruwa, ɗalibi ba shi da ita. To, ya tambaya: ƙwaya nawa ta fi tace lita ɗaya? Ya ɗebo ruwan tafki ɗaya ya raba kwalba huɗu. Ta farko kada a sa mata komai, don ita ce shaida. Sauran a sa dakakken iri: ɗaya, biyu, uku. A motsa su daidai, a bar su awa guda. Sannan ya zana baƙin gicciye a gindin doguwar gora mai haske, ya riƙa zuba ruwan yana leƙawa ta sama har zanen ya ɓace, ya auna tsawon da rula. Ya maimaita sau uku, ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa takardar masana, domin wannan amana ce. Zai iya tarar da cewa yawan iri ma yana sake dagula ruwan.

A nan nake jan hankalin malamai. A fiƙihunmu ruwan da laka ta canja launinsa yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi, amma tsarkin alwala daban, lafiyar sha daban. Haka ruwan da zogale ya tace: ya yi garau a ido, ƙwayoyin cuta sun ragu, amma ba su ƙare ba, kuma gorar ɗalibi ba ta iya ganinsu. Saboda haka kada a bari yaro ya rubuta a rahotonsa cewa ya samar da ruwan sha, kuma kada a bar yara su kurɓi ruwan gwajin sai an tafasa shi.