Ma'ajiyar Wucin Gadi a Burauza da Haƙƙin Mai Amfani na Rufe Ta ga Wasu Shafuka: Nazari daga Dutse da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, garin Dutse ya zama matattarar ma'aikata da ɗalibai, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya a garin cikin shekarar 2011. Har ila yau, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sa'an nan a 2017 ta shigo da tsarin CAPS na ba da gurbin karatu ta intanet. Sakamakon haka, ɗalibin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu ba shi da makawa sai ya buɗe shafin intanet kafin ya san makomarsa, ko dai a wayarsa ko kuma a shagon kwamfuta.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin wani sashe na burauza, watau manhajar da ake buɗe shafuka da ita, wanda ake kira ma'ajiyar wucin gadi. Za a nuna amfaninsa da illarsa, kana a kafa hujja cewa ya kamata a bai wa mai amfani ikon rufe wannan ma'ajiya ga wasu shafuka da ya zaɓa, ba tare da ya rufe ta ga sauran ba.

2.0 Yadda Ma'ajiyar Take Aiki

Duk lokacin da mutum ya buɗe shafi, burauza kan aika da buƙata zuwa ga uwar garke, watau babbar kwamfutar da shafin yake zaune a cikinta, ita kuma ta turo rubutu da hotuna da sauran fayiloli. Maimakon ta watsar da su bayan an karanta, sai burauza ta adana kwafinsu a cikin na'urar. In an sake neman shafin, daga wannan kwafi za ta ɗauko. Abin ya yi kama da magidancin da ya cika rumbunsa da kaka, don kada kullum sai ya tafi kasuwar Shuwarin awo.

Ƙa'idar HTTP, wadda ita ce yarjejeniyar magana tsakanin burauza da uwar garke, ta tanadi yadda za a sarrafa wannan ajiya. Bugu na 1.0 na shekarar 1996 ya ba mai shafi damar sanya ranar da kwafi zai tsufa. Bugu na 1.1, wanda ya fito a watan Janairu, 1997, ya ƙaro umarnin Cache-Control, inda ake ƙayyade rayuwar kwafi da daƙiƙoƙi. Alal misali 86,400 na nufin kwana ɗaya. Idan wa'adin ya cika, burauza za ta tambayi uwar garke ko fayil ɗin ya sauya. In bai sauya ba, sai a mayar mata da gajeriyar amsa mai lamba 304, ta ci gaba da amfani da abin da take da shi. An sake tsara waɗannan dokoki a cikin kundin RFC 9111 na shekarar 2022.

Amfanin wannan tsari a wurare irin namu ba ɓoyayye ba ne. Inda sabis yake da rauni, kuma kuɗin data yake fitowa daga aljihun ɗalibi, duk fayil ɗin da ba a sake saukewa ba riba ce ta lokaci da ta kuɗi.

3.0 Inda Gizo Yake Saƙa

3.1 Tsohon kwafi. Idan mai shafi bai faɗi wa'adi ba, ƙa'idar ta yarje wa burauza ta yi kirdado, kuma abin da aka saba shi ne ta ɗauki kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da fayil ya yi bai sauya ba. A ɗauka wata makaranta ta liƙa jerin sunayen waɗanda ta ɗauka, ya yi kwana 30 ba a taɓa shi ba, sa'an nan ɗalibi ya buɗe bai ga sunansa ba. Washegari aka maye gurbin jerin da sabo, amma da sunan fayil iri ɗaya. Burauzar ɗalibin tana iya ci gaba da nuna masa tsohon jerin har kwana 3, alhali sunansa yana cikin sabon. In wa'adin biyan kuɗin rajista ya faɗo cikin kwanakin nan, to gurbin shekara guda yana iya kuɓuce masa, ba don laifinsa ba.

3.2 Tonon asiri. A shagon kwamfuta, mutane da dama ne suke amfani da na'ura ɗaya a wuni. Fita daga asusu ba ya share ma'ajiya. Saboda haka, idan mai shafi bai hana ajiya ba, takardar sakamako ko ta shaidar biyan kuɗi, ɗauke da suna da hoto da lambar rajista, tana iya saura a cikin na'urar bayan mai ita ya kama hanyar gida.

4.0 Abin da Mai Amfani Yake da Shi a Hannu

Akwai 'yan dabaru, sai dai kowace da naƙasunta. Na farko, danna Ctrl da F5 tare kan tilasta sabunta shafi, amma sau ɗaya ne, kuma wayar hannu ba ta da waɗannan maɓallai. Na biyu, Chrome da Firefox suna da maɓallin rufe ma'ajiya a cikin kayan aikin masu gina shafuka, amma yana aiki ne muddin wannan tagar tana buɗe. Na uku, a ɓoyayyun saitunan Firefox na kwamfuta ana iya rufe ajiya, sai dai rufewa ce ta kan mai uwa da wabi, ta shafi kowane shafi. Na huɗu, tagar sirri kan share abin da ta tara idan an rufe ta, amma sai mutum ya tuna ya buɗe ta a kowane karo.

A taƙaice, an yi wa shafuka kuɗin goro. Ko dai mutum ya haƙura da tsohon kwafi, ko ya rushe rumbun gaba ɗaya saboda dami ɗaya da ya yi ƙwari.

5.0 Hujjar Zaɓi Shafi-Shafi

Hujja ta farko ita ce, burauza ta riga ta saba da ba da izini shafi-shafi. Mutum yana iya ƙyale wani shafi ya yi amfani da kyamara ko ya san inda yake, ya hana wani. Babu dalilin da zai sa ajiya ta fita daban.

Hujja ta biyu ta fasaha ce. Tun daga 2013 Safari take raba ma'ajiyarta gwargwadon shafin da ake ziyarta; Chrome ta bi sahu a bugu na 86 cikin 2020, Firefox kuma a bugu na 85 cikin Janairun 2021. An yi haka ne don hana bin diddigin mutane, amma ma'anarsa ita ce kowane shafi yana da sashensa. Ke nan rufe sashe ɗaya ba zai taɓa sauran ba.

Hujja ta uku ta shafi adalci. Tsarin da ake kai ya ɗora yanke shawara a wuyan mai shafi, alhali wanda kuskuren yake cutarwa shi ne mai karatu. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ana iya yin suka cewa rufe ajiya zai ƙara wa uwar garke nauyi a ranakun da ɗalibai suke rububin duba sakamako, kuma zai ƙara cin data. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amsarta ita ce a yi zaɓin hawa biyu. Hawa na farko, a adana kwafi amma a tambayi uwar garke kafin kowane amfani, wanda sau da yawa amsar 304 kaɗai zai ci. Wannan ya wadatar ga jerin sunaye da jadawalin jarrabawa. Hawa na biyu, kada a adana komai, kuma shi ya dace da shafukan da suke ɗauke da bayanan mutum.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Kafin masu ƙera burauza su samar da wannan zaɓi, akwai abin da yake hannunmu. Masu kula da shafukan makarantunmu su sanya umarnin no-cache a kan sanarwa da jerin sunaye, domin shi ne yake tilasta tambaya kafin amfani, su kuma sanya no-store a kan shafukan bayanan ɗalibai, domin shi ne yake hana ajiya ɗungurungum. Duk jerin da aka sabunta a ba shi sabon suna mai ɗauke da kwanan wata. Masu shagunan kwamfuta su riƙa buɗe wa kowane abokin ciniki tagar sirri, su rufe ta da zarar ya tashi. Malaman darasin kwamfuta a kwalejojin ilimi kuwa su koyar da wannan batu a aikace, domin malamin da muka yaye a yau shi ne zai zauna kusa da ɗalibin ƙauye a ranar duba sakamako.