Yadda Ake Magance Gogar Taya A Motar Da Aka Sassauta Wa Sifirin

MUBI — Mota takan yi ƙasa ta hanya biyu: ko mai ita ya sa an yanke sifirin don ado, ko kuwa lodi ya gajiyar da shi. Ta biyun ita ta fi damun masu jigilar hatsi da fasinja tsakanin Mugulbu, Mubi da kan iyakar Kamaru. Ko ta yaya abin ya faru, sakamakon ɗaya ne: tazarar da ke tsakanin taya da madigadi takan ragu, sai taya ta riƙa gogar ƙarfe a gargada ko wajen shan kwana.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, don haka akasarin tayoyin da ake sayarwa daga waje ake shigo da su, farashinsu kuwa yana bin darajar naira.

Abin da ya kamata bakanike ya fara yi shi ne gano inda gogar take. Akan shafa alli a gefen taya, a ɗora kaya, a zagaya, sa'an nan a duba inda allin ya goge. Idan ta ciki ne, kuma sai an murɗa sitiyari gaba ɗaya, galibi faɗin taya ko na rim ne ya wuce kima. Idan ta sama ne a gargada, laifin na sifirin ne ko shakazoba.

Rage girman taya yana taimakawa kaɗan. Mai lamba 195/65 tsayin gefenta kusan milimita 127 ne, mai 195/60 kuwa 117, wato an sami sararin milimita 10. Sai dai a tabbata ƙaramar za ta ɗauki nauyin da babbar ke ɗauka.

Wasu kan lanƙwasa bakin madigadi da guduma. Ƙarar takan ɗauke, amma fenti ya fashe, tsatsa ta shiga, sifirin kuma yana nan a gajiye. Ga motar haya, sabon sifirin mai tsayin da kamfani ya ƙayyade shi ne gyaran, a sa biyu lokaci guda, hagu da dama, a kuma daidaita ƙafafun motar bayan an gama.

Tayar da zarenta ya bayyana a gefe ba ta karɓar faci, sai dai a sauya ta.