Ɗingishin doki da ciwon baya: wace magana ce gaskiya a barga?

Duk bargar da doki ya fara ɗingishi, kafin la'asar an samu masana goma. Wannan ya ce kafaɗa ce ta goce, wancan ya ce baya ne ya riƙe, wani ya ce a ɗora ƙarfe a wuta. A cikin maganganun akwai na gaskiya, akwai kuma waɗanda ke nakasa dabba har abada, shi ya sa ya kamata a tsefe su.

Mu fara da kafaɗar da ake yawan ɗora wa laifi. Likitocin dawaki sun daɗe da tabbatar da cewa yawancin ɗingishin ƙafar gaba daga gwiwa zuwa ƙasa yake fitowa, musamman cikin kofato. Ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, don haka su suka fi shan wuya. Dokin da ya kwana lafiya ya tashi ba ya iya taka ƙafa ɗaya, mutane kan yanke cewa karaya ce. Sau da yawa ruwan mugunya ne ya taru cikin kofato bayan ƙusa ko tsakuwa ta huda shi. Kofaton zai yi zafi, jijiyar da ke bayan idon sawu ta riƙa bugawa da ƙarfi. Idan wanda ya san aikin ya buɗe wurin ruwan ya fita, cikin 'yan kwanaki doki zai taka. Wanda ya yi ta murza kafaɗa da man zafi kuwa, ya bar ciwon inda yake.

Ana kuma cewa ƙafar da doki ya sunkuyar da kai a kanta ita ce mai ciwo. Akasin haka ne. A sa shi sassarfa a kan ƙasa mai tauri: zai ɗaga kai lokacin da ƙafar gaba mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauke shi a kan mai lafiya.

Maganar cewa sirdi na kawo ciwon baya, wannan gaskiya ce tsantsa. Sirdin da ya matse, ko wanda ya zauna a kan ƙashin baya, yana haifar da kumburi da miki, kuma farin gashin da ke fitowa a gurbin sirdi shaidar tsohon rauni ne. Jibga jalala a ƙarƙashin sirdin da ya riga ya yi kaɗan ƙara matsi kawai yake yi. Sai dai a nan ma akwai inda ake kuskure. Ba duk ciwon baya ne daga baya ya taso ba. Dokin da ƙafarsa ta baya ke ciwo yakan sandarar da gadon bayansa don ya kare ta, sai bayan ma ya kama ciwo. Ko hoton ƙashi bai isa hujja shi kaɗai ba: akwai dawaki da yawa da hoto ke nuna ƙasusuwan bayansu na gogar juna, amma suna aiki lafiya lau. Shi ya sa likita ke bi daki-daki. Ya matsa kofato da awartakin gwaji, ya lanƙwasa gaɓa ya sa a yi sassarfa, sannan ya yi allurar kashe zafi yana farawa daga ƙasa yana hawa. Inda ɗingishi ya ɓace, nan ciwon yake, sai a ɗauki hoton wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne dokin da ake kira mai taurin kai. Yana cizo idan ana ɗaure majayi, yana kwantar da kunne, yana kaɗa wutsiya, yana tutsu, sai a ƙara masa bulala da ƙaimi. A 2018 likitar dawaki 'yar Ingila, Sue Dyson, da abokan aikinta suka fitar da jerin alamomi 24 da doki kan nuna idan ana kansa, suka nuna cewa wanda ya haɗa 8 ko fiye, to da wuya a ce ba ciwo yake ji ba. Dabbar da ba ta da baki, da me za ta yi ƙorafi in ba da jikinta ba?

Sai lalas da sakiya. Masu yi za su rantse sun ga dokin da ya warke bayan an ƙona shi. Ya warke ɗin, amma hutun dole da ƙunar ta jawo ne ya warkar da shi. Jijiyar da ta yage tana bukatar watanni 6 zuwa shekara ko fiye, kuma wuta ba ta rage ko kwana ɗaya. Abin da take ƙarawa shi ne gyambo, ga shi doki na cikin dabbobin da cutar sarƙe haƙora ta fi saurin kamawa. Haka maganin fenilbutazon: yana rage zafi da kumburi, amma ɓoye ciwo yake, kuma yawansa na cin ciki da ƙoda. A yi wa doki allurarsa da safe a hau da yamma, ƙaramin rauni ya zama babba ke nan.

Akwai wata al'ada da ta shafe mu kai tsaye a Kano, Katsina, Zazzau da sauran garuruwan hawan Sallah. Doki ya yi watanni a turke, ana dab da Sallah a yi ta ɗura masa gero da dawa don ya cika ido, sannan a ɗora masa kaya masu nauyi a yi sukuwa. Hatsin da ya yi yawa kwatsam yana kawo kumburin cikin kofato, inda za ka ga doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya. Yana kuma iya jawo sandarewar tsokar ɗuwawu, fitsari ya yi duhu, mutane su ce baya ne. Wannan dokin ba a jan sa a ce ya motsa jini, a tsayar da shi a kira likita nan take.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai doki, ka fara motsa shi makonni kafin hawa, ka ƙara hatsi kaɗan-kaɗan, a gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, a yi masa rigakafin sarƙe haƙora. In ya yi ɗingishi, sauka ka ɗaga ƙafar ka duba, kuma kada ƙarfe ya shiga wuta kafin likitan dabbobi ya gan shi.