Dokar Amdahl

Dokar Amdahl wata ƙa'ida ce a fannin kimiyyar kwamfuta da ke nuna iyakar saurin da ake iya samu idan aka raba aiki ɗaya tsakanin kwamfutoci da yawa. Ta samo sunanta daga Gene Amdahl (1922–2015), injiniya ɗan ƙasar Amurka da ya jagoranci tsara kwamfutar System/360 a kamfanin IBM. Ya gabatar da hujjarsa a wani taron masana a shekarar 1967.

Bayani

Kowace manhaja tana da sashen da ake iya rabawa, kwamfutoci su yi shi lokaci guda, da kuma sashen da dole a bi shi daki-daki, domin kowane mataki yana jiran sakamakon na gabansa. Ƙara yawan kwamfutoci yana rage lokacin sashe na farko ne kawai.

Misali, a ce aiki yana ɗaukar awa 20 a kwamfuta ɗaya, kuma awa 1 daga ciki ba ta rabuwa. Da kwamfutoci 19, aikin zai ƙare cikin awa 2. Da guda 1,000, zai ɗauki awa 1 da minti 1 da 'yan daƙiƙoƙi. Komai yawansu, saurin ba zai wuce ninki 20 ba.

A gungun kwamfutoci

A aikace, saurin da ake samu yakan gaza abin da dokar ta lissafa. Kwamfutocin da aka haɗa cikin gungu suna musayar bayanai ta hanyar sadarwa, wadda ba ta kai saurin ma'ajiyar cikin kwamfuta ba. Idan ɗaya ta yi jinkiri, sauran sukan tsaya jiran ta. Haka kuma, yawansu na ƙara yiwuwar wata ta lalace ana tsakiyar aiki. Tsarin MapReduce, wanda kamfanin Google ya bayyana a shekarar 2004, yana magance wannan ta hanyar miƙa kason wadda ta lalace ga wata.

Martanin Gustafson

A shekarar 1988, John Gustafson ya nuna cewa masu bincike ba su cika maimaita aiki mai girma ɗaya ba idan suka samu ƙarin kwamfutoci. Sukan faɗaɗa aikin ne, kamar yadda ake yi a hasashen yanayi. Idan aiki ya girma, kason da ba ya rabuwa yakan ƙanƙance. Ana kiran wannan ra'ayi Dokar Gustafson, kuma galibi ana koyar da dokokin biyu tare.