Kafin a Yanka Fili a Gindin Badala

Tun rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara a Kano a watan Yunin 2023, da zarar an taɓo zancen gine-ginen da ke jikin badala sai gardama ta koma ta siyasa, kowa yana kare gwaninsa. Ba kasafai ake tambayar yadda aka yi tun farko aka zaɓi waɗannan wurare don gidaje da shaguna ba.

A takarda abin ba wuya. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka, hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma ta duba zanen gini ta ba da izini. Amma a aikace, fili mai tsada a bakin titi shi ake fara hange, ko da kuwa gadon al'umma ne.

Badalar nan Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kududdufai, waɗanda ba su da mai tsaya musu. Daga cikinsu kakanninmu suka haƙo ƙasar da suka gina ganuwa da gidajen birni, ramukan suka zama matattarar ruwan damina. Yau sai a fara cike kududdufi da shara, a bi da ƙasa, mai awo ya zo ya kafa duwatsu, a wayi gari ya zama fuloti. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Idan Agusta ta kama, ɗakin talakan da ke maƙwabtaka zai faɗi.

Babu mai musun cewa Kano na buƙatar gidaje. Sai dai ai an ga yadda aka gina rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a wajen gari ba tare da an taɓa badala ba.

Ya kamata Ma'aikatar Ƙasa ta fitar da taswirar duk kududdufan da suka rage da iyakar badala, a liƙa wa jama'a su gani, a kuma ji ta bakin masu unguwanni kafin a yanka ko taku ɗaya. Kai kuma mai saye, kafin ka ba dillali kuɗinka, tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da.