Ciwon da ke ƙaruwa da faɗuwar rana: haƙƙin masu mayasteniya girabis a kanmu a Birnin Kebbi da Argungu

Da asuba lafiyarta lau. Ta yi salla a tsaye, ta ɗebo ruwa, ta dama kunu. Kafin La'asar fatar idonta ɗaya ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi, muciya ta yi mata nauyi a hannu. Zuwa Magariba tana ganin fitila ɗaya ta zama biyu, maganarta ta koma ta hanci, lomar tuwo ta ƙi wucewa. Ta kwana ta huta, gari ya waye ta miƙe garau. A mafi yawan gidajenmu hukuncin da za a yanke wa irin wannan baiwar Allah sananne ne: son jiki ne da gudun aiki. Idan abin ya daɗe, sai zargi ya koma kan kishiya, ko a ce iska ce ta taɓa ta.

Wannan ita ce siffar ciwon da likitoci ke kira mayasteniya girabis, wato raunin tsoka mai tsanani. Tsakanin kowace jijiya da tsokar da take motsawa akwai 'yar tazara, kuma saƙon motsi yana tsallaka ta ne ta wani sinadari mai suna asitilkolin. A jikin mai wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke kuskure ta far wa ƙofofin da ke karɓar saƙon a jikin tsoka. Jijiya tana kira, tsoka ba ta ji sosai, kuma iya yawan aikin da aka sa ta iya raguwar ƙarfinta. Shi ya sa hutu ke dawo da ƙarfi, yammaci kuma ke tafiya da shi. Ba a ɗaukar ciwon daga wani, ba ya taɓa hankali. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza da suka haura 60, amma yara ma ba su tsira ba.

Likitan Ingila Thomas Willis ya siffanta shi tun 1672, sai dai magani bai samu ba sai 1934, shekarar da aka soma bikin kamun kifin Argungu a siffarsa ta yau. A shekarar ce wata likita a Landan, Mary Walker, ta lura cewa ciwon ya yi kama da halin wanda dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka ya shiga jikinsa, sai ta gwada makarin dafin a kan wata majinyaciya, ƙarfinta ya dawo na 'yan sa'o'i. A 1973 kuma masu bincike biyu a Amurka, Patrick da Lindstrom, suka ciro waɗancan ƙofofi daga wani kifi mai lantarki, mai hali irin na minjiryar da masuntan Matan Fada suka sani, suka yi wa zomaye allurarsu. Zomayen suka kamu da irin wannan rauni, aka tabbatar da cewa garkuwar jiki ce tushen matsalar.

A yau maganin farko ƙwaya ce mai suna firidostigmin, wadda aka fi sani da Mestinon, sannan magungunan da ke lallashin garkuwar jiki irin su firednisolon da azatiyofirin. Wasu kuma akan yi musu tiyata a cire wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos. Wani babban bincike da aka buga a 2016 ya nuna amfanin tiyatar, kuma kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon suna da ƙari a wannan halitta. Akasarin waɗanda suka dace da magani suna noma, suna karatu, suna aure da haihuwa kamar kowa.

Inda haɗarin yake shi ne ranar da raunin ya sauka kan tsokokin numfashi. Kusan mutum 1 cikin 5 ko 6 na masu ciwon kan gamu da wannan a rayuwarsu, kuma a ranar ba abin da ke tsayawa tsakanin mutum da ajali, bayan kiyayewar Allah, sai na'urar taimaka wa numfashi. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuwa kusan 100. Wanda ke ƙauyen fadama da damina, ga laka ga rashin mota, tazararsa ta fi haka.

A nan muke so mai karatu ya natsu, domin abubuwan da ke tayar da wannan haɗari na cikin rayuwarmu ta kullum. Zafi yana ƙara raunin, mu kuwa bazararmu takan wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Zazzaɓi da ciwon haƙarƙari suna tayar da shi. Mafi muni, wasu magungunan da muke saye a kemis ba tare da takardar likita ba suna iya jefa mai ciwon cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai: kwinin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, allurar jentamaisin, sifurofuloksasin da ake sha wa taifot, da azitiromaisin. Haka allurar magnesiyam salfet, wadda ke ceton rayukan mata masu jijjiga lokacin haihuwa, haɗari ce babba ga mai wannan ciwo. Mace mai juna biyu da ba a taɓa gano ciwonta ba, ungozomar da ta yi mata allurar ba ta yi laifi ba. Laifin na shekarun da muka kwashe muna ce mata ragguwa ne.

Ba mu hana kowa addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba. Abin da muke ƙi shi ne a tsaya a nan, a yi wata shida ana hayaƙi da turare alhali numfashi na raguwa. Wannan ƙasa ba baƙuwar ilimin magani ba ce. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir. Kai mara lafiya asibiti bin sawunsu ne.

Shari'a ta riga ta sauƙaƙa wa irin waɗannan bayi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. Saboda haka wanda ya tsaya a Asuba ya zauna a Isha'i ba wasa yake yi da salla ba, kuma bai kamata 'yan sahu su bi shi da kallo ba. Azumi ya fi buƙatar lura. Ƙwayar Mestinon ba ta wuce sa'a 3 zuwa 4 tana aiki, yinin azuminmu kuwa yakan kai sa'a 13 ko fiye. Akwai masu sauƙin ciwo da likita zai iya gyara wa lokutan sha su yi azumi, akwai waɗanda barin ƙwayar da rana zai hana su haɗiye ko ruwan buɗe-baki. Ayoyin azumi na Suratul Baƙara sun yi rangwame ga mara lafiya. Likita ne zai faɗi halin jiki, malami ya faɗi hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke kayar da mafi yawan gidaje. Ciwo ne na shekaru, ƙwaya ce ta kullum. Wanda tsadar magani ta talauta shi, ko ya ci bashi don jinya, ya shiga cikin rukunan nan takwas da Suratut Tauba ta ambata, kuma manoman shinkafar kwarin Rima da ke fitar da zakkar amfanin gona kowace kaka suna da irinsa a cikin danginsu ko maƙwabtansu. Na'urar numfashi da motar ɗaukar marasa lafiya kuwa aikin waƙafi ne. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi ya yi ƙarnoni yana jinyar mutane. Maƙwabtanmu na Sakkwato suna da hukumar zakka da waƙafi da ke taimaka wa mabuƙata da kuɗin magani, kuma masarautun Gwandu da Argungu na da martabar da za su ja attajiransu zuwa irin wannan.

Hukuma ma da nata kason. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu, Jihar Kebbi kuma tana da hukumarta ta KECHEMA. Firidostigmin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da muke nema shi ne a same shi kullum a kantin maganin Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya na Birnin Kebbi da babban asibitin Argungu, kuma inshora ta ɗauki nauyinsa. Sababbin magungunan da aka amince da su a Amurka a 2017 da 2021 sun fi ƙarfin aljihun ko da attajiranmu. Tsofaffin ne za su ceci jama'a a nan.

Binciken ƙasashen waje na nuna mutum 150 zuwa 250 cikin kowane miliyan na ɗauke da ciwon. Idan aka ɗora wannan a kan mutum miliyan 3.2 da ƙidayar 2006 ta ba Kebbi, lissafin zai kama daga kusan 500 zuwa 800. Aro ne daga alƙaluman wasu, shi ya sa muke buƙatar namu. A Jami'ar Cape Town, Farfesa Jeannine Heckmann da abokan aikinta sun gano cewa a cikin masu asalin Afirka, musamman waɗanda ciwon ya kama tun suna yara, akwai waɗanda raunin idonsu ba ya jin magani kamar na sauran. Ga aiki a gaban ɗalibanmu na likitanci a Birnin Kebbi da Sakkwato: rajistar masu ciwon, wadda littafi ɗaya da likita ɗaya mai himma sun isa a fara ta.

Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi. Ma'aikacin lafiya zai ɗora ƙanƙara a kan fatar idon da ta sauko na minti 2. Idan ta ɗaga, alama ce mai ƙarfi da za ta sa a tura mutum wurin likitan jijiyoyi. Wanda kuma aka tabbatar masa da ciwon, a rubuta masa sunan ciwon da sunayen magungunan da ba ya sha a ƙaramin kati, da boko da ajami, ya riƙa yawo da shi a aljihu, mace kuma ta haɗa shi da katin awonta.