Ko Kun Sani?

Wayoyin Tecno, Infinix da itel masu Android da ake jerawa a teburin mai caji a Fakku ko kasuwar Tambuwal, duk a kan kanel ɗin Linux suke aiki. Kanel shi ne ƙashin bayan manhajar waya, shi ke haɗa ta da batir, kyamara da allo. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a Helsinki a 1991, yana ɗalibi.

Sabon kanel na fitowa kusan kowane mako 9 zuwa 10, amma masu ƙera waya ba sa bin na yayi. Suna ɗaukar wanda aka yi alkawarin ci gaba da gyara shi na dogon lokaci, domin kamfanoni irin su MediaTek sai sun daɗe suna daidaita shi da kayan cikin waya. A 2017 an ƙara wa'adin gyaran zuwa shekara 6, a 2023 aka sanar da mayar da shi 2.

Galibi waya da kanel ɗinta na farko take tsufa. Don haka in saƙon sabunta tsaro ya shigo, ku daure ku sayi data ku sauke shi.